Yadda Aka Yi Na Zama Najiraka

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan babi, kuma ke nake rubuta wa, Hafsatu, ke da ƙannen da Allah zai ba ki. Yanzu kina goye a bayana, ba ki san komai ba sai nono da barci. Amma wata rana za ki yi wayo, a aike ki sayen kuka ko daddawa, wata tsohuwa ta tare ki a lungu ta ce, ke ba 'yar Najiraka ba ce? Za ki dawo gida ki tambaya, kowa kuma ya ba ki labarin yadda ya ga dama. Gwaggo Ladi tana da nata, babanku yana da nasa, kuma duk sun fi nawa gishiri. A kaina abin ya faru, shi ya sa na ga gara in rubuta tun ina tuna komai. Masu rubuta tarihinsu sukan bari sai sun yi furfura. Ni na kasa jira, ko da yake sunan da aka laƙa mini yana cewa na iya.

Sunana na yanka Sakina. A gidan kakana na tashi, a cikin garin Daura, can bayan Kusugu, inda in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana ganin baƙi masu zuwa kallon rijiyar. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yakan loda su a mota zuwa kudu ya daɗe bai dawo ba, don haka gidan yana hannun kakana Malam Idi, wanda ba mai kiransa da wannan suna. Kofur ake ce masa, har matarsa Inna Yalwa ma haka take ce masa. Yana saurayi Turawa suka ɗauke shi soja, aka kai su yaƙin Boma. Iyakar abin da muka sani ke nan, don bai taɓa ba mu labarin ba. Lambobinsa na yaƙi suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Ni kuwa, kasancewata babbar jikarsa mace, amarya yake ce mini, kullum yana yi mini alkawarin lefe da zarar ya sayar da akuyarsa gurguwa. Yana da aboki guda da suka dawo tare, Saje Tanimu na garin Babban Mutum. Duk ranar kasuwa Saje zai shigo mota ya zo, su sara wa juna a ƙofar shagon Kofur, wato ɗakin da ke jikin zaure, su zauna. Kofur yana tauna goro, Saje yana goga nasa a magogi saboda ba haƙora. Sai su wuni ba su yi maganar da ta wuce ta damina da ciwon gwiwa ba.

Shekarar da na gama sakandare ita ce shekarar da shari'a ta kankama a jiharmu. An yi murna sosai, har da ni. Aka rufe wuraren da ya kamata a rufe, makaɗa suka rataye gangunansu, gidajen kallo suka koma nuna ƙwallo kawai. A unguwarmu aka kafa wani kwamiti na samari masu sa ido kan tarbiyya, shugabansu Ustaz Nura, wanda ba mugu ba ne, amma ba ya dariya a gaban mutane. Ana ta jin labarin bulala daga wasu garuruwa, wani gaskiya wani ƙari. Mu 'yan mata muka ƙara tsawon hijabi, muka rage tsayuwa a ƙofar gida. Ni dai hankalina kwance yake, don an riga an sa ranar aurena da babanku Auwalu, wanda ni na zaɓa da kaina, yana can Katsina yana koyon aikin wayar lantarki.

A cikin wannan shekarar Kawu Sani, ƙanen babana, ya sayo mana bidiyo na hannu a Kano, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Da aka jona shi da talabijin sai aka tarar da kaset a cikinsa, wanda mai shi na can ƙasar Turawa ya manta bai cire ba. Aka kunna. Hoto ya fito ba kala, fari da baƙi kawai, yana rawa kamar ana yayyafi a cikinsa. Mutane suna motsa baki ba a jin abin da suke cewa, sai wani siririn kiɗa kamar ana taɓa ƙarafa. Kawu ya bubbuga injin, ya murɗa duk abin da ke murɗuwa, ya hura masa iska ta baki.

"An cuce ni," in ji shi. "Ba kala, ba murya. Gobe zan mayar masa da kayansa."

Ni kuwa na lura cewa jifa-jifa hoton yakan ɗauke, sai farin rubutu ya fito a kan baƙi, kuma rubutun shi ne maganar da mutanen suke yi. Na ce wa Kawu injinsa lafiya lau yake, fim ɗin ne ya tsufa, an yi shi a Ingila tun ba a iya sa wa hoto murya ba. Muna cikin haka Kofur ya zo wucewa da butarsa zai yi alwala. A daidai lokacin an nuno wasu mutane cikin kaki suna saukowa daga jirgin ƙasa, kowa da jaka a kafaɗa. Sai ya tsaya. Butar ta karkace, ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba.

"Amarya, me aka rubuta a nan?"

"An ce yaƙi ya ƙare, an sallame su."

"An sallame su," ya maimaita a hankali. Ya ajiye butar. "Sani, ba inda za ka mayar da wannan abu. Kai mini shi shago."

Tun daga ranar na samu aiki. Duk ranar kasuwa, in an kawo wuta bayan la'asar, sai a kira ni shago in zauna gefen talabijin ina fassara wa tsofaffin nan biyu rubutun. Kofur ya sa aka kashe sautin gaba ɗaya, ya ce kada yaran Ustaz su ji kiɗa su ce ya buɗe gidan rawa da tsufansa. Ki riƙe wannan a ranki, Hafsatu, don wannan taka-tsantsan ɗin ne ya jefa ni cikin abin da na shiga.

Labarin fim ɗin na wasu sojoji uku ne da suka dawo daga yaƙin da aka yi kafin na su Kofur. Ban iya riƙe sunayensu ba, don tsofaffin sun raɗa musu nasu: Dogo, Gajere da Mai Hannu Ɗaya. Sun dawo gida sun tarar an ba wasu ayyukansu. Suka kama ɗaki guda su uku, bargo guda, suna raba burodi da wuƙar soja. Dogo yana da budurwa, wadda Saje ya sa wa suna Mai Hula, amma kunyar talauci ta hana shi zuwa wurinta, ya bari tana zaton ya mutu. Ranar da aka nuno Dogo tsaye a bakin titi, lambobin yaƙi a ƙirji, yana tallan ashana, Saje ya miƙe daga tabarma ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Kofur, idona ne ko kuwa? Bature ne ke tallan ashana?"

"Shi ne, Saje."

"Ikon Allah. A Boma ko takalminsa ba ya gogewa da kansa. Ashe su ma haka aka yi musu."

"Haka aka yi musu. An ce an gode, a sauka lafiya."

Suka yi dariya har Saje ya ƙware. Daga nan bakinsu ya buɗe. A shagon nan na fara jin labarin dajin da rana ba ta ratsa shi, da tsutsar da ke shan jini ta cikin takalmi, da wani mutumin Zangon Daura da ya yi ta kiran sallah a kan jirgin ruwa bai san inda gabas take ba. Inna takan leƙo da kwanon fura ta ce shekara da shekaru tana tambaya ba a gaya mata ba, sai da wasu Turawa bebaye suka zo.

Da farko karatu nake yi musu kamar a aji. Saje ya ce ina karanta musu kamar mai sanarwar rasuwa. Sai na fara canza murya. In Mai Hula ce ke magana in siranta, in Dogo ne in danne maƙogwaro in yi ta maza, har na gwanance. Akwai kuma wani wuri da Dogo da Mai Hula suke matsowa kusa da juna fiye da yadda ya kamata. Da na ga an zo nan sai in yi wuf in tsaya a gaban talabijin, in buɗe hijabina kamar labule.

"Me ke faruwa a bayan nan, amarya?"

"Suna gaisawa ne, Kofur."

"Gaisuwar nan tasu tana da tsawo," in ji Saje.

Yanzu ga ranar da abin ya faru. Gwaggo Ladi, yayar mahaifin babanku, ta taho gidanmu da saƙo kan maganar lefe. Hanyarta ta biyo ta lungun da tagar shagon Kofur take kallo. Tagar a sama take, ba a ganin ciki, amma ana jin komai. Mu kuwa mun zo wurin da Mai Hula ta gano Dogo a bakin titi, wurin da tsofaffin suka fi so, ina ta zuba murya. Ga abin da Gwaggo ta ji, ba kiɗa, ba Turanci, ba wata alama ta talabijin. Muryata, wadda ta sani sarai, tana cewa:

"Kowa ya ce in haƙura da kai, na ƙi. Na jira ka. Ko ba ka da komai, kai nake so. Riƙe hannuna."

Sai muryar namiji mai kauri ta amsa:

"In mahaifinki ya gan mu fa?"

"Ba ya nan, ya yi tafiya."

Mahaifina kuwa a ranar yana kudu da shanu, kuma duk unguwa an sani. Gwaggo ta zagayo ta leƙa zaure. A ƙofar shago ta ga silifas ɗina, ta ga wasu fararen kambas irin na samari 'yan ƙwallo. Na jikan Saje ne, tsohon ya ara saboda ƙafarsa ta kumbura, nasa ba sa shiga. Takalman Kofur kuwa yana ciki da su, don shi ko a ɗaki ba ya rabuwa da su. Da Gwaggo ta yi sallama, da an ce ta shigo, da ta zauna ta sha fura. Ba ta yi ba. Ta juya da saƙonta a baki.

Kafin azahar ta washegari maganar ta gama unguwa. Ni ce ta ƙarshen ji. Na je ɗebo ruwa na ga mata sun yi shiru da isowata, wata ta janye 'yarta daga kusa da ni. Da yamma gidan su babanku suka aiko cewa a dakata da maganar biki tukuna. Kashegari kuma maza suka yi sallama a ƙofar gida, murya uku a haɗe, suka ce an kai ƙara gaban kwamiti, ana nemana a zauren mai unguwa ranar kasuwa mai zuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ina tankaɗe na ji sallamar, rariyar ta faɗi, garin ya watse. Na shiga ɗaki na zauna a bayan ƙofa. Duk labaran bulalar da na taɓa ji suka dawo mini, ina ganin kaina a tsakiyar fili, 'yan ajinmu suna kallo. Na san ban yi komai ba, amma sanin bai kore mini tsoron ba. Abinci ya ƙi shiga. Babanku kuma ba shi da waya a lokacin, ban san abin da aka gaya masa ba, ban san abin da ya yarda da shi ba.

A gida kowa da shawararsa. Ummata, tana kuka, ta ce a tura ni Babban Mutum gidan Saje har ƙura ta lafa. Inna ta ce a kira liman da Gwaggo Ladi a cikin gida, in dafa Alƙur'ani, a rufe maganar a nan. Kawu Sani ya ce dama shi tun farko ya ce a mayar da injin. Kofur yana zaune a kan turmi yana jin su. Da suka gama sai ya ce:

"Da na dawo daga Boma, na tarar an yi sadakar arba'in ɗina. Na ce to ga ni. Sai aka ce ai duk wanda ya dawo daga can ya taɓu a kai. Ba wanda ya faɗa a gabana. A bayan katanga ake faɗa, ni kuma na yi shiru, na ce za a gaji. Ba a gaji ba. Gida uku na nemi aure aka hana ni. Har yau akwai tsofaffin da in na yi tari sai su matsa."

"Ni ai na aure ka," in ji Inna.

"Ke ai cewa aka yi kin fi ni taɓuwa."

Ummata ta yi dariya cikin hawaye. Kofur ya juyo gare ni, ya daina wasa.

"Sakina." Ranar ce kaɗai na ji ya kira ni da sunana. "In an rufe maganar a ɗaki, waɗanda suka ji ta a bakin rijiya ba za su ji rufewar ba. Ni so nake in ɗauki talabijin ɗin nan in kai zauren mai unguwa, kowa ya ga abin da muka gani, ya ji abin da Ladi ta ji. Amma ba ni zan tsaya ba, ke ce. In kin ce ba za ki iya ba, gobe Saje ya zo ya tafi da ke, ba mai ganin laifinki."

Na yi tunanin Babban Mutum, inda ba wanda ya san ni, inda zan iya ɗebo ruwa ba a yi shiru ba. Na kuma yi tunanin Dogo da ya ɓuya saboda kunya har aka ɗauka ya mutu. Na ce zan tsaya. Muryar da na faɗa da ita ko kaza ba za ta kora ba, amma na faɗa.

Ranar kasuwa ta zo, wuta ta ƙi zuwa. Sai da Kawu ya je ya aro janareta wurin mai aski, irin ƙaramin nan mai ƙara kamar babur ya fashe salansa. Igiyarsa gajera ce, dole aka ajiye shi a bakin zauren. Mai unguwa yana kan kujera, Ustaz Nura da mutanensa a gefe, Gwaggo Ladi da wasu mata ta ƙofar cikin gida. A waje kuwa jama'a sun cika har kan katanga. Kofur da Saje suka shigo da lambobinsu a ƙirjin riga, abin da ban taɓa gani ba. Ustaz ya yi bayani a natse, ya ce su ba su ce na yi ba, ƙara aka kawo, dole su bincika. Da Kofur ya ce amsar tana cikin kaset, Ustaz ya ce a kai shi daidai wurin da ake magana a kai.

"Daga farko za a fara," in ji Kofur. "In ba ku san wahalar da Dogo ya sha ba, ba za ku gane maganar ba."

Aka fara. Na tsaya gefen talabijin. Rubutu na farko ya fito, na buɗe baki, ni kaina ban ji abin da na ce ba saboda janareta. Mai unguwa, wanda dama kunnensa guda ne ke aiki, ya kara hannu a kunne.

"Yarinya, ɗaga murya. Ba raɗa muka zo ji ba."

Na ɗaga. Ya ce in ƙara. Na ƙara har ina jin maƙogwarona yana zafi. Wani abin mamaki, da aka ɗan jima sai na ga idanu sun bar kaina sun koma kan gilashi. Da aka kori Mai Hannu Ɗaya daga wurin neman aiki, wani a kan katanga ya ce Allah ya isa. Da Gajere ya sato wa abokansa dankali ya ɓoye a hula, ɗaya daga cikin yaran kwamiti ya yi dariya, ya dubi Ustaz, ya haɗiye ta. Waɗanda ke ciki suna miƙa labarin ga na waje, ina jin ana cewa, ya sayar da kwat ɗinsa, ya sayar da kwat ɗinsa, har ƙarshen layi.

Sai aka zo wurin. Mai Hula ta tsallako titi, ta tsaya a gaban mai ashana. Rubutun ya fito. Na dubi Kofur, ya gyaɗa kai. Na rufe ido, na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na kwarara yadda zan fi janareta:

"Na jira ka! Ko ba ka da komai, kai nake so! Riƙe hannuna!"

An ce har masu awo a bakin kasuwa sun ji. Rubutu na biyu ya fito. Na danne maƙogwaro na yi muryar Dogo:

"In mahaifinki ya gan mu fa?"

Gwaggo Ladi ta zabura ta miƙe.

"Muryar ke nan. Wallahi shi ne. Yana ina?"

Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman saurayin a cikin jama'a. Sai idonta ya dawo kaina, a daidai lokacin da nake siranta murya ina cewa ba ya nan, ya yi tafiya. Na ga bakinta ya buɗe bai rufu ba. Saje Tanimu kuwa sai ya miƙe ƙafarsa mai kumburi a tsakiyar zaure, ga farin kambas. Dariyar da aka yi ranar ta rufe ƙarar janareta. Mai unguwa yana share hawaye da gefen rawani. Ina cikin wannan ruɗani na hango Dogo da Mai Hula sun fara matsowa, jikina kuwa ya riga ya saba, ban san lokacin da na yi wuf na buɗe hijabi a gaban talabijin ba.

"Me ya faru kuma?" in ji mai unguwa.

"Suna gaisawa ne, ranka ya daɗe," in ji Kofur da Saje a tare.

Ustaz Nura ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Da ya ɗago ya ce madalla da wannan labule. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta koma yadda aka san ta. Ya ce magana ta fito fili, yarinya ba ta da laifi. Amma shari'ar da ta hana alfasha ita ce ta hana a jefi mace da zargi ba shaidu, kuma wannan ma yana da nasa hukunci mai nauyi. Ya ce haƙƙina ne, in na so a bi mini.

Dariya ta ɗauke. Na dubi Gwaggo Ladi. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe bakin mayafinta. Na san abin da take gani a idon zuciyarta, don ni ma na gan shi. Ban so ko maƙiyina ya kwana da wannan hoton ba, balle yayar surukina. Na ce na yafe.

"To yarinya," in ji mai unguwa, "an sallame ki."

Kofur ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafa, ya sara mini. Sannan ya miƙa hannu ya kashe bidiyon, saura kusan kwata ba a gani ba. Jama'a suka yi ta gunaguni. Ana naɗe waya sai ga Gwaggo Ladi ta matso, ta durƙusa ta ba Kofur haƙuri, ta ba ni. Ta tashi za ta tafi, ta yi taku biyu, ta dawo.

"Baba Kofur, don Allah, ya aure ta kuwa?"

"Ranar kasuwa mai zuwa ki zo ki gani da idonki," in ji shi. "Amma ta ƙofa za ki biyo, Ladi. Ki yi sallama, a amsa miki."

Ta zo kuwa. Ta yi sallama tun daga bakin lungu, da ƙarfi, har sau uku. Ta zauna kusa da Inna, ta yi kuka a ƙarshen fim ɗin fiye da kowa. Ba zan gaya miki ƙarshen ba, kaset ɗin yana nan a gwangwani guda da lambobin Kofur, wanda aka sauya masa babba. In kin iya Turanci ki karanta wa kanki. Babanku ya dawo daga Katsina bayan an gama komai, ya ce shi dama bai yarda ba, abin da ya ba shi haushi kawai shi ne duk Daura ta ji kalaman da shi bai taɓa ji daga bakina ba. An yi biki a ranar da aka sa. Gwaggo Ladi ce ta yi mini wankan jego da na haife ki, kuma ita ce ta fi kowa kirana Najiraka.

Mutane suna ba da labarin nan don a yi dariya, ni ma ina yi. Amma ban fita daga zauren nan yadda na shiga ba. Har yau in maza suka haɗa murya suka yi sallama a ƙofar gida, duk abin da ke hannuna sai na ajiye shi kafin ya faɗi. Ban ƙara karatu da ƙarfi a gaban taro ba, ko a Islamiyya aka ce in ja baƙi sai in miƙa wa ta kusa da ni. Ko yanzu da nake rubuta wurin rariyar nan, sai da na tashi na sha ruwa. Inna ta ce zai wuce, ta ce Kofur ma ya daɗe yana firgita in an buga ƙofa, ga shi yanzu yana ba da labarin Boma ga duk wanda ya tsaya, har da waɗanda ba su tambaya ba. Allah ya sa haka, ya ƙara musu lafiya, ya raya ki a kan gaskiya.

Babanku har yanzu yana zuwa aiki Katsina, ya yi kwanaki ya dawo. In ya shigo ya ajiye jaka, sai ya danne maƙogwaro ya yi muryar Dogo, wadda bai iya ba ko kusa, ya ce, kin jira ni? Ina amsa masa. Amma sai na fara tashi na rufe taga.